Ruwan zafin Mulay Yakub: ni a tsohon hamam, Baffa a na zamani

Ba wanka ne ya kai mu Maroko ba. Ziyara muka je Fas, zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, inda yake kwance tun 1815, ni da Baffa, ƙanin mahaifina. Ya daɗe da wannan buri, ni kuma aka ce in raka shi saboda gwiwa ta fara ba shi wahala. Lungunan tsohon birnin Fas kuwa mota ba ta shiga, hawa ne da gangara, duk a ƙafa. A kwana na huɗu sai ga Baffa yana sallah a zaune. Mai masaukinmu ne ya ga haka ya ce mu je Mulay Yakub, can mutanen Fas ke kai masu sanyin ƙashi da ciwon fata tun kaka da kakanni.

Garin yana kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da Fas, liƙe a jikin tudu. Kafin idonka ya ga ruwan hancinka ya riga ya ba ka labari: wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Farar wuta ce, ita dai wadda ake saya wurin 'yan koli a kwaɓa da man shafawa don ƙyasbi. Ruwan yana tasowa daga zurfin da ya haura mita 1,000, da zafin digiri 54, ga gishiri. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari kada ya zo da wancan tunanin. Wikki digiri 31 ne, ɗumi-ɗumi, garai-garai, yara ma iyo suke yi. Wannan sai an rage masa zafi kafin jiki ya ɗauka.

Wuraren wankan iri biyu ne. Akwai tsohon hamam, wato gidan wanka na jama'a, a ƙasan gari, sai ka bi matakala masu yawa tsakanin shagunan masu sayar da tawul da bokiti da sabulu. Akwai kuma na zamani, inda mota ke kai ka har bakin ƙofa, da ma'aikatan jinya da ɗakunan tausa da otal a kusa. Kuɗin shiga na biyun ya ninka na farko sau da yawa.

Ni na zaɓa mana, kuma ban zaɓa daidai ba. A raina cewa na yi tsohon shi ne na asali, can albarkar ruwan take, na zamanin kuwa na masu yawon buɗe ido ne. Ban tambayi Baffa ba. Na riƙe hannunsa muka rinƙa sauka, yana cije leɓe, mu yi taku goma mu tsaya. Da muka isa ya leƙa ɓangaren maza, ya ga cinkoso, manya da yara kowa da gajeren wando, tururi ya cika wuri. Ya juyo ya ce da ni a hankali, "Ɗana, ni da furfurata ba zan iya tuɓewa a cikin taro ba. Shiga kai, zan jira ka." Kunya ta kama ni ƙwarai. Mutumin da ko a gida ba a taɓa ganinsa ba hula ba, shi na janyo har nan da ciwon gwiwa. Na samar masa kujera wurin mai shayi, aka kawo masa shayin na'ana'a, na shiga ni kaɗai.

Ba zan kushe tsohon hamam ba, domin na ji daɗinsa har raina. Maza da mata kowa da ɓangarensa. Ba ka san kowa ba, amma nan da nan wani zai matsa maka, wani ya miƙo bokiti. Suna da baƙin sabulu mai laushi da ake yi da zaitun, ya ɗan tuna mini da sabulun salo, da wani soso mai kaushi da ake sa hannu a ciki, suna ce masa kis. Na ga saurayi yana cuɗa bayan mahaifinsa, na ga mutane da tabon ciwon fata suna zaune ba mai kallonsu, ba mai ƙyamarsu. Wannan ya tsaya mini a rai. A wurinmu mai irin wannan lalura ɓoye jikinsa yake yi, a nan kuwa don shi aka yi wurin.

Sai dai ba mai riƙe maka agogo. Zafin ya yi mini daɗi na zarce, ban sha ruwa ba tun safe. Da na miƙe sai jiri, idona ya yi duhu. Wani dattijo ya kama hannuna ya zaunar da ni a gefe yana cewa "shwiya, shwiya," wato sannu-sannu. Ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, ga gumi kana zubarwa ba ka sani ba, in ka tashi farat ɗaya jini bai kai kwanya da wuri ba. Ina zaune ina maida numfashi na tuna Baffa yana shan maganin hawan jini. Da ya biye mini ya shiga, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Washegari muka dawo, wannan karon na zamani. Tambayar farko da aka yi mana ta lafiya ce: ciwon zuciya, hawan jini, magungunan da yake sha. Aka auna jininsa, aka ba shi ɗaki shi kaɗai mai kwamin wanka, ruwan an daidaita zafinsa, aka faɗa masa iya lokacin da zai yi, kuma da lokacin ya cika aka ƙwanƙwasa ƙofa. Daga nan aka kwantar da shi ya huta kafin a bar shi ya fito iska. Ya fito fuska a sake. "Ka ga wannan," in ji shi, "mutum da mutuncinsa."

Warin farar wutar da ya biyo shi shi ne wanda ya biyo ni jiya. Ruwan ɗaya ne, tunanina na asali da jabu ba shi da tushe. Ƙarin kuɗin da muka biya na sitira ne, da hanyar da ba matakala, da wanda zai kula da kai. Matashi mai ƙoshin lafiya da ke son ya ga yadda mutanen ƙasar ke rayuwa, tsohon hamam ya ishe shi, kuma in na koma can zan sake shiga, da gorar ruwa a hannu. Amma dattijo, ko mai hawan jini, ko mai ciki, ko duk wanda tuɓewa cikin mutane zai takura shi, ban ga dalilin yi masa tsimi ba. Mai tafiya da iyali kuma ya tambaya tun a bakin ƙofa ko tafkin da za a shiga na mata ne zalla, kafin ya biya.

Gwiwar Baffa ta yi sauƙi. Sauran kwanakinmu a Fas a tsaye ya yi sallah, ya halarci zikirin Juma'a a zawiya. Ban ce ta warke ba: bayan mun dawo gida da wasu makonni ciwon ya rinƙa leƙowa, kuma bai daina zuwa wurin likitansa ba.

Zoben azurfata kuwa na manta ban cire ba ranar farko, farar wuta ta mai da shi baƙi ƙirin. Sai da na kai wa wani maƙerin azurfa a kasuwar Fas, ya kalle shi ya ce, "Mulay Yakub?" Na ce e, ya goge mini bai karɓi ko dirhami ba.