Sukuwar dawaki a kan tebur

Jiya da daddare muka zauna wasan sukuwar dawaki na karta da ƴaƴan ludo biyu, mu shida, har yanzu abin na raina. Dawakin 11 ne a kan allo, daga lamba 2 zuwa 12. Muka cire A da K da joka, saura kati 44, J ta zama 11, Q kuma 12, muka raba.

Jimillar ƴaƴan ludo biyun a kowace jifa ita ce lambar doki. Jifa huɗu na farko su ke fitar da dawaki huɗu daga tsere. Mai riƙe da katin dokin da ya fara fita zai zuba ɗaya a kwano, na biyu biyu, har zuwa huɗu. Mun yi da maɓallai ne maimakon kuɗi, kuma hakan ya fi kwanta mini a rai.

Inda muka yi gardama shi ne da 8 ta fito sau biyu tun ana fitar da dawaki. Wasu suka ce a sake jifa, wasu suka ce a ninka abin da za a zuba a kwano. Mun fi minti goma a kai, don ba mu yanke ba tun farko. Yanzu dokarmu ita ce a sake jifa.

Abin da ya fi burge ni shi ne doki na 7. Hanya 6 cikin 36 da ƴaƴan ludo biyu za su iya faɗuwa ke kawo shi, 2 da 12 kuwa kowanne hanya ɗaya tak, shi ya sa layinsa a kan allo ya fi tsawo. Amma jiya 12 ne ya ci, ƙanwata na riƙe da Q uku, ta kwashe kashi uku cikin huɗu na kwanon.