Inda na kai da saita tsaron rauta

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana.

Kafin in taɓa Wi-Fi ɗin kansa, da shafin saitunan rautar, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, na fara. A burauza ake rubuta adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma yakan kasance a rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta. Kalmomin sirri biyu ne a nan, kar a haɗa su: ta shiga Wi-Fi daban, ta shiga saituna daban. Ta biyun ce aka fi bari yadda ta fito daga kamfani, wani lokaci "admin" kawai. Da irin wannan sakaci ne muguwar manhajar nan ta Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci a 2016. Na sauya kalmar shiga saitunan, na kuma kashe damar shiga saituna daga waje ta intanet.

Sai nau'in tsaro, wato hanyar da ake ɓoye bayanan da ke yawo a Wi-Fi, wadda ake zaɓa daga jeri a saitunan. Idan kun ga WEP a jerin, ku wuce shi, tun 2001 aka nuna yadda ake karya shi. WPA na 2003 mai amfani da TKIP shi ma ya tsufa, har gudun haɗin yake rage wa zuwa 54 Mbps. Abin zaɓa shi ne WPA2 mai AES, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018. Raunin WPA2 a nan yake: wanda ya naɗi musayar da waya ke yi da rauta lokacin haɗuwa, zai iya komawa gefe ya yi ta gwada kalmomi a kwamfutarsa ba tare da rautar ta sani ba. Shi ya sa tsawon kalmar sirri yake da tasiri. An yarda da haruffa 8 zuwa 63, ni na haɗa kalmomi da dama marasa alaƙa da juna. WPA3 ya toshe wannan hanya, domin kowane gwaji sai an yi shi da rautar kai tsaye. Tsohuwar firintata dai ta ƙi ganewa da shi, don haka na bar saitin a kan gaurayen WPA2/WPA3.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne WPS. Tsari ne da aka yi don sauƙaƙa haɗa na'ura da Wi-Fi, ɗaya daga cikin hanyoyinsa kuma lamba ce mai alƙaluma 8. A ido, sai an gwada lambobi miliyan 100. Amma a ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne kashi biyu, kuma amsarta na nuna ko rabin farko ya yi daidai. Rabin farko gwaji 10,000 ne. Rabi na biyu 1,000 kacal, saboda alƙalamin ƙarshe lissafo shi ake yi daga sauran. Jimilla 11,000, aikin 'yan sa'o'i a rautar da ba ta kulle mai yawan kuskure. Kuma da an samu lambar, rautar da kanta za ta miƙa kalmar sirrin, komai tsawonta. An garƙame ƙofar gida an bar taga a buɗe ke nan. Ku kashe WPS.

Ɓoye sunan Wi-Fi da tace na'urori ta adireshin MAC (lambar shaidar da kowace na'ura ke da ita a kan hanyar sadarwa) kuwa, ban ɓata lokaci a kansu ba. Sunan yana bayyana da zarar wata waya ta haɗu, adireshin MAC kuma a fili yake yawo, ana iya kwaikwayonsa. Wayoyin yanzu ma sauya shi suke yi da kansu, sai dai mutum ya jawo wa kansa wahala.

Na buɗe wa baƙi nasu Wi-Fi ɗin daban, na kunna saitin da ke hana su ganin sauran na'urori, na tura talabijin can. Na kuma sabunta manhajar rautar, tunda raunin WPA2 mai suna KRACK da mai bincike Mathy Vanhoef ya bayyana a 2017 ta hanyar sabuntawa aka gyara shi, musamman a wayoyi da kwamfutoci, don haka su ma a duba su.

Saura katangar tsaro, wato abin da ke cikin rauta mai tare haɗin da ke shigowa daga intanet ba tare da izini ba. Na kashe UPnP, mai barin manhajoji su buɗe wa kansu tashoshi, wato ƙofofin shigowa ta katangar, ba tare da tambaya ba. Yanzu ina lura in ga wace na'ura za ta yi ƙorafi, sai in buɗe mata tashar da take buƙata da hannu.