Kafin a ɗora wa matashi hannu a tura shi Nijar ko Cadi

Ranar da ake keɓe ɗan mishan a majami'a ranar murna ce. Zumuntar mata ta yi waƙa, dattawa su ɗora hannu, a karɓi baiko na musamman, kowa ya tafi gida da daɗin rai. Abin da ba a cika zama a kansa ba shi ne wata na bakwai, lokacin da baikon nan ya ƙare, zazzaɓi ya kwantar da yaron, ga mai gidan haya a bakin ƙofa. Jos gari ne na aika masu bishara: ofishin EMS, sashen aika masu bishara na ikilisiyar ECWA, yana nan, hedkwatar ikilisiyar COCIN tana nan, NEMA, haɗakar ƙungiyoyin mishan na Najeriya da aka kafa a 1982, ma a nan take. Duk da haka matasa da yawa suna ƙetare iyaka da kira mai ƙarfi da shiri marar ƙwari, kuma yawancin masu dawowa kafin wa'adi, kuɗi da ciwo da kaɗaici ne ke dawo da su, tun kafin a yi maganar tsanani.

A fara da kuɗi, tunda shi ne ake jin nauyin faɗa a gaban bagadi. Masu tallafa maka suna ba da naira, kai kuwa sefa za ka kashe. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira ita ce mai motsi: kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta wuce 1,500. Wanda aka yi wa alkawarin naira dubu ɗari a wata kafin wannan faɗuwa, kuɗin suna ta shigowa daidai, amma abin da suke saya a Maraɗi ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka a rubuta kasafin da sefa tun daga farko, haya da abinci da ruwa da man babur da katin waya da magani da kuɗin dawowa gida sau ɗaya a shekara, sannan kwamitin mishan ya amince zai sake lissafin naira duk bayan wata uku. A ajiye kuɗin wata uku a gefe, a hannun ma'ajin ikilisiya, waɗanda ba a taɓawa sai don asibiti ko ficewar gaggawa. Kuma gara mutum ashirin masu ba da kaɗan-kaɗan kowane wata da attajiri ɗaya mai ɗaukar komai, domin ranar da kasuwarsa ta girgiza kai ma ka girgiza.

A kasuwar Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jika kuwa sefa 1,000. A Cadi ma haka tsarin yake, sai dai riyal suke cewa. Sefar Cadi ta Afirka ta Tsakiya ce, darajarsu ɗaya da ta Nijar amma takardun dabam, mai shago a Damagaram ba zai karɓi ta Injamena ba.

Takardu ba su da wuyar fahimta, sakaci ne ke ɓata su. Fasfo ya kasance da saura aƙalla wata shida, ya fi kyau ya rufe dukan wa'adin aikin. Katin allurar shawara dole ne, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya kwana 90 ba biza, to amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ƙarshen Janairun 2025, Cadi kuwa dama ba ta ciki. Don haka kada ka dogara da abin da wani ya yi shekara biyar da suka wuce. Shugabannin ikilisiyar da za ta karɓe ka, misali EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar), su ne za su gaya maka abin da hukuma take nema a yau, su kuma rubuta maka wasiƙar gayyata da Faransanci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka wata da watanni, wanda duk kuɗinsa ke biyowa ta hannun direban Jibiya ya sha wuya. Ka tanadi hanya biyu ta karɓar kuɗi.

Yanzu jiki. Ɗan Jos ya girma a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ya saba da rigar sanyi a watan Disamba. A Maraɗi ko Galmi, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Ba a yin jarumta da wannan rana. Aikin ƙarfi da tafiya a gama su kafin ƙarfe goma sha ɗaya, a huta har la'asar, sannan a fita ziyara. In fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, ruwan da kake sha bai isa ba. Ruwan rijiya a tace shi da kyalle mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, a zuba a randa mai murfi da moɗa ɗaya tak. In gudawa ta zo, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu zuba gishiri da ido suna ƙara wa kansu ciwo.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne tsohon abokin gaban wannan aiki. Cikin mutum uku da suka fara ƙungiyar mishan ta SIM a Najeriya a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent ba su ga ƙarshen 1894 ba, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida, shi ma da ciwo. Ka tafi da gidan sauro mai magani, da 'yan kayan gwajin jini na yatsa, da maganin Coartem ko irinsa. Babba yana shan ƙwaya huɗu, irin masu lambar 20/120 a jikin kwali, sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai maiƙo, domin maganin ba ya shiga jini sosai a cikin wofi. Inda ake kuskure shi ne a ji sauƙi a rana ta biyu a ajiye sauran don gaba, sai ciwon ya dawo bayan mako biyu. Amai ba tsayawa, ruɗewa, ko wuya ya sanƙare, wannan na asibiti ne nan take. Yankin da za ka je duka na sanƙarau ne daga hunturu zuwa bazara, a yi allurarsa da ta ciwon hanta tun a Jos. Ka kuma san asibitin da za a kai ka, da mai motar da zai kai ka, tun kana lafiya. Asibitin SIM na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, yana tsakanin Ƙonni da Madawa, amma daga ƙauyen da ke bayan Damagaram tafiyar yini ce.

Babban tarko ga ɗan Filato shi ne cewa ai yana jin Hausa. Yana ji, amma Hausar kasuwar Terminus ta Jos da ta majami'a ce, mai cike da Turanci, kuma da ya buɗe baki a Gobir an san daga ina ya fito. Wata shida na farko na saurare ne. Ka nemi dattijo ɗaya ka riƙa zama da shi, ka koyi gaisuwa mai tsawo, da gaisuwar mutuwa, da barkar suna. Faransanci kuma ba ado ba ne: jandarma a shinge da magatakarda a ofis da shi za su yi maka magana in sun ga dama. A Cadi sai ka ƙara da Larabcin kasuwa. Manya da yawa a ƙauye sun fi karanta ajami da boko, wanda ya iya ajami ya sami ƙofar da ɗan takarda kawai ba ya samu.

Zaman unguwa yana da dokokinsa. Ranar farko fastonka na can ya kai ka gaida mai gari, ka kuma gaida liman. Namiji ba ya kutsawa cikin gidan matan aure, a zaure yake tsayawa ya yi sallama. Gajeren wando ya zauna a ɗaki, 'yar'uwa kuma zane da kallabi. Cikin azumi kada a ci abinci a bakin titi. Naman alade da burkutu, ko da wani ya ce ai bangaskiyarsa ta ba shi 'yanci, a bar su a Jos. Saurayi marar aure, marar sana'a, mai yawo da jaka, mutane za su tambayi me yake ci, kuma tambayar tana kan hanya. Gyaran famfon tuƙa-tuƙa, haɗa sola, jinya, koyarwa, noman rani, kowanne yana ba shi dalilin zama da wurin hira. Sai dai sana'ar ta zama ta gaske, wadda ya iya. Mutanen ƙauye ba sa daɗewa kafin su gane shagon da aka buɗe don rufa ido.

A ganina kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne zuwa da halin babban yaya daga Najeriya. Ikilisiyar Nijar ƙarama ce, amma ita ce ta kwana a wurin a watan Janairun 2015 lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ita ce kuma za ta zauna bayan ka koma. In fasto na can ya ce kada a sa lasifika, ko kada a yi baftisma a fili, ya san abin da ba ka sani ba. Haka ma wasiƙar addu'a da kake turawa dandalin WhatsApp na matasan ikilisiya: ba suna, ba hoton fuska, ba sunan ƙauye. Saƙon da aka tura wa mutum arba'in a Bukuru, kusa da Jos, yana iya isa wayar kawun sabon mai bi kafin Lahadi.

Kada a tura mutum shi kaɗai. Biyu-biyu Ubangiji ya aiki almajiransa, kuma dalilin yana bayyana ranar da ɗaya ya kwanta ɗayan ya ɗebo ruwa. A gida kuma a sa dattijo ɗaya, da sunansa, wanda zai kira shi kowane mako biyu ya tambaye shi abin da ya ci, da barcinsa, da bashin da ke kansa, da ko akwai yarinyar da ta fara kawo masa abinci. A rubuta ranar hutunsa na shekara a takardar aikewa, da kuɗin motarsa a cikin kasafi, kafin a sa ranar ɗora hannu.