Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Lafanda Ta Ruɓe a Hannuna

A makon jiya na tsaya inda muka tare a sabon gida, wata huɗu bayan rasuwar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. A bayan gidan akwai wani ɗan fili da tsawonsa bai wuce taku 12 ba, duk ciyawa ta cinye shi. Barci ya ƙaurace min a lokacin. Da sanyi ya fara janye jiki, itatuwa suka soma toho, sai na ɗauki fartanya na shiga filin, don in samu abin da zai gajiyar da ni kafin dare.

Da ido na zaɓi furannina na farko. Na ga lafanda da furenta shunayya, na ga haidiranjiya mai manyan curin fure shuɗi, na ce lallai waɗannan za su yi kyau gefe da gefe. Na dasa su a fangali ɗaya a jikin katanga. Da rana ta take sai haidiranjiya ta langaɓe, ni kuwa in yi ta kwarara ruwa safe da yamma. Ba a yi mako shida ba lafanda ta fara bushewa daga ƙasa. Ranar da na tumɓuke ta, saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, tana warin ruɓa. Na zauna a bakin fangalin na yi kuka sosai, kukan da na san ba na lafanda kaɗai ba ne.

A haka maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin lambu.

"'Yata, raƙumi da kifi kika haɗa a ɗaki ɗaya," in ji shi.

"Baba, to ai launinsu ya dace."

"Launi naki ne. Su abin da suka sani ruwa da rana."

Ya ce asalin lafanda tuddai ne masu duwatsu na yankin Bahar Rum, inda ruwa ba ya kwanciya. Rana take so da ƙasa mai tsakuwa, taki ma kaɗan ya ishe ta. Haidiranjiya kuwa faɗin ganyenta ke sa ta yawan ƙishi, ranar safe take so da inuwar la'asar. Duk ruwan da ya raya ɗaya, shi zai kashe ɗaya.

Ya hana ni sake sayen ko tsiro ɗaya sai na san filina. Wuni guda na yi ina kafa tsinke a bakin inuwa duk bayan awa. Inda rana ta kai awa 6 ko fiye, nan ne wurin wardi da lafanda. Ya kuma sa na haƙa rami na cika shi da ruwa: na jikin katanga har washegari da saura a ciki, na tsakiyar fili kafin la'asar ya tsotse.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne furen farkon shekara tun kafin sanyi ake binne shi. Tulif da dafodil kawuna ne kamar albasa, kuma sai sun sha sanyin ƙasa na wajen mako 12 kafin su yi fure. Zurfin ramin ninki uku na tsayin kan, tsinin yana kallon sama. Baba ya ce kada in jera su kamar sojoji, in zuba su tsibi-tsibi, bakwai nan, tara can. Kurege na son tulif, amma ba ya taɓa dafodil saboda gubar da ke cikinsa, don haka muka kewaye tulif da shi. Bai hana ɓarna gaba ɗaya ba, amma na tsira da mafi yawa.

A gindin wardi na yafa irin alisum, wani ɗan gajeren fure fari mai ƙamshin zuma. Yana janyo wasu ƙudaje masu kama da ƙudan zuma, tsutsarsu kuma darɓa take ci. Na taɓa durƙusawa na ga ɗaya a bayan ganye tana bin darɓa ɗaya bayan ɗaya, na daɗe ban tashi ba.

Da sanyi ya sake wucewa, dafodil ne ya fara buɗewa, tulif ya biyo baya. Da furen ya zube na ɗauko almakashi zan share ganyen da ya fara rawaya, Baba ya ɗaga murya daga can: "Bar shi mako shida, 'yata, abincin baɗi yake tarawa."

Kwana uku bayan nan ban ji motsinsa a bayan shinge ba. Na yanki tulif na ƙarshe da suka rage, guda biyar, na je na ƙwanƙwasa ƙofarsa. 'Yarsa ce ta buɗe, idanunta jajur. Abin da ta faɗa min, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.