Abin da na koya a ɗaukar hoton tsofaffin littattafai

Duk mai riƙe kyamara a Kano ya san hanyar da aka shimfiɗa mana: ka fara da fasfo, ka koma biki da suna, in Allah ya ɗaga ka ka buɗe situdiyo ko ka bi ɗan siyasa. Ni sai na ratse. Shekarun da abokaina suka yi suna bin kamu da dina, ni a zaurukan malamai na yi su, ina ɗaukar hoton littattafan da aka rubuta da hannu, na Larabci da na ajami. Yanzu da na ajiye aikin, ƙannenmu a sana'a sai tambayata suke ko akwai ci a ciki. Akwai, amma ku tsaya ku ji.

Aikin ba yau ya fara ba. Tun 2004 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yake da shirin tallafa wa masu ɗaukar hoton takardun da ake tsoron salwantarsu. Abin da ya faru a Timbuktu kuma ya ƙara farkar da mutane: da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, Abdulkadir Haidara, wani mai kula da ɗakin tsofaffin littattafai a garin, da mutanensa suka yi ta sulale littattafai cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako, sannan a Janairun 2013 aka cinna wa wasu dubbai wuta a cibiyar adana littattafai ta Ahmad Baba da ke Timbuktun. Mu nan muna da Arewa House a Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, amma tarin abin yana gidajen mutane, cikin gafaka da adaka, gara da yoyon damina na rabonsa.

Wanda ya saba da amarya zai raina aikin. Kyamara a kafe take tana kallon ƙasa, fitila biyu a gefe, babu filasha, ga rula da katin launi kusa da takarda. Wahalar ba a nan take ba. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a tsakanin tadarishi, kuma galibi babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu kalma guda ce da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, ita ce farkon warƙa ta gaba. In ba ka iya karanta rubutun allo ba, ka hautsina littafin mutane ba ka sani ba. Karatun da na yi wajen alaramma ina yaro ya fi min difloma amfani a nan. Wani lokaci ka haska takardar ta baya ka ga jinjirin wata uku, shaidar takardar Italiya ce da fatake suka ratso hamada da ita.

Ogan da aka ɗora mana a wani aikin tallafi da na shiga bai damu da wannan ba. Shi adadi yake so ya cika rahoto. "Kai dai danna, wa zai zauna ya karanta?" Haka yake ce min. Da a nan ya tsaya da na haƙura.

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana hana baƙi taɓa littattafan kakansa. Ni na yi ta zarya, ina durƙusawa ina gaisuwa, har ya sauko, bisa sharaɗi biyu: a ba iyalinsa kwafin duk abin da aka ɗauka, kuma wasu takardu na gado da na laƙanin gidansu kada su fita duniya. Na kai wa oga, ya ce ba komai, in gaya wa Baba Malam ya kwantar da hankalinsa. Da bakina na isar. Bayan an rufe aikin, kwafi bai zo ba, takardun da aka ce a ɓoye kuwa ga su a intanet, kowa na iya buɗewa. Babban ɗan malam ya kira ni, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, haka muka yi da kai?" Oga ba su san fuskarsa ba, ni suka sani. Da na sami oga sai ya ce ai babu inda aka rubuta. An daɗe ana kai ruwa rana kafin a sauke shafukan, kuma kafin nan duk zaurukan unguwar sun rufe mana ƙofa. A rahoton ƙarshe sunansa ne a gurbin mai ɗaukar hoto, nawa yana can ƙasa cikin masu taimakawa, tare da direba.

Saboda haka duk wanda zai shiga wannan layi, kada ya ɗauki alƙawarin wani ya kai gidan mutane sai yana rubuce da sa hannu. Kwafin mai littafi a ba shi ranar da aka gama, kafin a naɗe waya. Shafin da aka ce kada ya fita, kada ma a ɗauke shi. Ka sa sunanka a cikin bayanan kowane hoto tun daga kyamara. Ka wanke hannu ka bushe, safar hannu ta fi yaga takarda. Kuɗin aikin na zuwa ne da tallafi, yana kuma tafiya da shi, don haka kar ka sayar da kayan biki.

Ogan na ji an ƙara masa girma, Allah ya sanya alheri. Hotunan suna nan, duk wanda ya bi su warƙa bayan warƙa ya ga jeri bai karkace ba, ya tambaye shi ko ya iya karanta layi ɗaya a ciki.