Wurin da kowa ya daina yi wa June uzuri

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na nazarin adabi ya ɗora mini aikin bin diddigin yadda masu karatu suka karɓi littafin Yellowface na R. F. Kuang, wanda ya fito a Amurka a shekarar 2023. Labarin wata marubuciya ce farar fata, June Hayward, wadda littafinta na farko bai yi kasuwa ba, alhali ƙawarta Athena Liu, 'yar asalin ƙasar Sin da suka yi jami'ar Yale tare, ta yi suna ta yi kuɗi. A daren da Athena ta shaƙe da abinci ta mutu a gabanta, June ta yi awon gaba da rubutun da marigayiyar ta bari, wanda ya shafi leburorin Sin da Birtaniya da Faransa suka ɗiba a yaƙin duniya na farko, ta yi masa kwaskwarima, ta buga shi da sunan Juniper Song domin mai saye ya zaci Basiniya ce.

Da na fara aikin, sai na raba takardata gida biyu, masu yabo a dama, masu kushe a hagu. Kafin mako ya zagayo na gane cewa wannan rabon ba zai kai ni ko'ina ba, domin da yawa daga waɗanda suka ce sun tsani June su ne kuma suka ce sun kasa ajiye littafin, har ma masu karatu a dandalin Goodreads suka zaɓe shi gwarzon ƙagaggun labarai na shekarar.

Abin da ya bambanta su a gaskiya shi ne wurin da kowannensu ya daina yi mata uzuri. June ce ke ba da labarin da bakinta, kuma kowane mataki ta ɗauka tana da hujjarsa: ai ta yi bincike, ai ta sha wahalar gyara, ai Song sunan da mahaifiyarta ta raɗa mata ne. Mai karatu yana dariyar yadda take wanke kanta, sannan can sai dariyar ta tsaya masa a wuya. Wasu sun rabu da ita tun daren satar. Wasu sai da ta ƙi yarda wani masanin al'adun Sin ya duba rubutun, aka kuma cire ma'aikaciyar kamfanin buga littafin da ta ba da shawarar daga aikin. Ni kaina na ci gaba da tausaya mata har zuwa inda wani dattijo, wanda ɗan'uwansa yana cikin leburorin nan, ya yi mata godiya da zuciya ɗaya a taron wata ƙungiyar Sinawan Amurka. Nisan da na yi tare da ita ya dame ni ƙwarai, kuma shi ya sa na sake karanta littafin tun daga farko.

Akwai kuma masu cewa Athena ta yi kama da Kuang, wadda aka haifa a Guangzhou a 1996 ta tashi a Amurka, saboda haka suna ganin marubuciyar ta fake da labari ne tana mayar wa masu sukarta martani. Na ɗauki wannan ƙorafi da muhimmanci, amma ban gamsu da shi gaba ɗaya ba, ganin cewa ita ma Athena ba a wanke ta ba: ta taɓa ɗaukar wani sirri mai ciwo da June ta faɗa mata, ta mayar da shi gajeren labari ba tare da izini ba.

Daga ƙarshe na yaga waccan takarda mai gida biyu, na sake tsara rahoton bisa babin da kowane mai karatu ya juya wa June baya, na kuma rubuta nawa babin a cikin jerin.