Ranar da aka yi wa maigida aikin jijiyoyin ƙoda

Laraba, Hamburg

Alhamdu lillahi, an yi wa maigida aikin da ake yi don saukar da hawan jini mai taurin kai, kuma ya fito lafiya. Zai kwana a asibiti, gobe da hantsi in ba wata matsala su sallame shi.

Da asuba muka fita, gari da sanyi, bai karya ba saboda an hana shi cin komai. A mota bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Na san shi, ba tsoron allura yake ba. Tsoronsa ɗaya ne tun rasuwar mahaifinsu, wanda ya faɗi a bakin shagonsa a Kantin Kwari, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Duk lokacin da na'urar awon jini ta nuna 170 a kan 105, fuskar Baba yake gani.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ba wasa yake da magani ba. Kala uku yake sha kullum: amlodipine, candesartan, da chlortalidone mai sa fitsari. Duk da haka jinin ya ƙi sauka. Likitoci ba su gaskata bakinsa kawai ba, kuma ban ga laifinsu ba, don sun ce da yawa daga masu kukan magani ba ya yi musu aiki, in aka bincika sai a tarar ba sa sha yadda aka ce. Sai da suka auna fitsarinsa suka ga alamar magungunan a ciki. Suka ɗaura masa na'urar da ke awo dare da rana, tana matse hannu har cikin barci. Suka duba aldosterone, wani sinadarin jiki da ke ɗaga jini in ya yi yawa, suka ɗauki hoton jijiyoyin jinin ƙoda ko akwai toshewa, suka gwada ko numfashinsa na ɗaukewa in yana barci. Suka raba shi da diclofenac da yake sha don ciwon baya. Ni kuma aka raba ni da dunƙulen maggi da kanwa, gishirin miya ma sai ɗan tsunkule. An ƙara masa na huɗu, spironolactone, ya ɗan taimaka, amma sinadarin fotasiyam ya hau a jininsa, ƙirjinsa ya kumbura yana ciwo, dole aka tsayar. Sai bayan duk wannan aka kawo maganar aikin.

Wajen ƙarfe tara suka tura shi ciki. Likitan da zai yi aikin ya zana mini a bayan takarda tun kafin a shiga. Ƙoda da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wasu siraran jijiyoyi da suka nannaɗe jijiyar jinin da ke shiga ƙoda. In saƙon ya yi yawa, ƙoda sai ta riƙe gishiri da ruwa, ta saki sinadarin renin, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Aikin shi ne a rage wannan saƙon. Ba yanka ake ba. Ana huda jijiyar jini a saman cinya, a zura siririn bututu ana kallonsa a hoto har ya kai ƙoda, sannan daga ciki a saki zafi a wurare da dama, zafin ya ratsa bangon jijiyar ya kashe siraran da ke waje. A yi wa ta dama, a yi wa ta hagu. Wasu na'urorin da zafin lantarki suke aiki, wasu da igiyar sauti. Tasa ta lantarki ce.

Ina zaune a bakin ɗakin sai ga wayar Hajiya mahaifiyarsa daga Kano. Murya na rawa ta ce, "'Yar nan, ki gaya mini gaskiya, ƙodar tasa ce ta lalace? Wankin ƙoda za a fara masa?" Ashe wani ne ya kai mata labarin a karkace. Na ce, "Wallahi Hajiya ƙodarsa lafiya lau, da ba ta da lafiya ma ba za su yarda su yi ba." Haka likitan ya faɗa, sai aikin ƙoda ya kai wani mizani suke taɓawa. Na daɗe ina lallashinta. Ban ga laifinta ba, duk wanda ya ga yadda wankin ƙoda ke cinye gida da gona a wajenmu, da ya ji an ambaci ƙoda gabansa zai faɗi. Da hankalinta ya kwanta sai ta ce, "To shi ke nan ya huta da haɗiyar ƙwayoyin nan." Nan ne na fi shan wahalar bayani, kuma shi ne abin da ya fi damuna yau.

Bai huta ba. Likitan bai ɓoye mana komai ba, kuma wannan ne ya sa na amince da shi. Ya ce lokacin da aka fara aikin, wajen 2009, an yi ta murna ana ganin kamar an samo maganin hawan jini mai taurin kai, kuma a nan Jamus aka fi ko'ina rungumarsa. Sai a 2014 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji na Amurka mai suna Symplicity HTN-3, da mutum 535. An raba su biyu, wasu aka yi musu aikin gaske, wasu aka shigar da su ɗakin aka zura bututu ba a ƙona komai ba, ba tare da sun sani ba. Da aka auna bayan wata shida, bambancin bai taka kara ya karya ba. Asibitoci da yawa suka jingine aikin. Daga baya aka gyara na'urorin, aka koyi kaiwa har rassan jijiyar, aka sake gwaje-gwaje da tsauraran ƙa'idoji, sai amfanin ya fito. A Nuwamba 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da na'urori biyu, Paradise da Symplicity Spyral. Amma sauƙin da ake samu, a matsakaici, lambobi kaɗan ne a lambar sama ta awon jini, kwatankwacin aikin ƙwaya guda mai kyau. Wani ya samu fiye, wani kuma ba abin da zai canza, kuma ba a iya ganewa kafin a yi.

Wani zai ce don wannan ɗan abin aka sha wannan dawainiya? Ni dai na ce a yi. Mutumin da ya gaji shanyewar jiki, ya sha duk abin da aka ba shi, kowace lamba da ta sauka riba ce. Kuma wannan sauƙin ba ya mantuwa, ba ya ƙarewa a kwalba, yana nan ko da dare, musamman da asuba lokacin da jini ya fi tashi.

Bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba suka fito da shi. Idonsa a lumshe, leɓensa a bushe. An naɗe saman cinyar da bandeji mai matsewa, aka ce kada ya lanƙwasa ƙafar na wasu awoyi. Ya ce duk da allurar kashe zafi ya ji wani ciwo mai nauyi a bayansa yana zuwa yana tafiya. Azahar da La'asar a kwance ya yi su da ishara. Ma'aikaciyar jinya ta riƙa ɗaga mayafi tana duba wurin hudar, tana taɓa bayan ƙafarsa ta ji bugun jini, tana tura masa ruwa ya sha don ruwan da aka zuba masa a jijiya saboda ɗaukar hoto ya fita. Da ta zo awo ya ɗaga kai zai leƙa, na ce, "Abban yara, ka bar kallon nan, ba yau za a gani ba." Sai nan da wata uku za a sake ɗaura masa na'urar dare da rana. Da yamma ta kawo masa ƙwayarsa a ɗan kofi, ya haɗiye.

A jirgin ƙasa ina dawowa ƙaninsa ne ya tsaya mini a rai. Uwa ɗaya uba ɗaya, ya haura arba'in, yana fama da ciwon kai yana sayen magani a kemis, bai taɓa awo ba. Shi ba bututu yake buƙata ba. Akwai binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, wanda ya nuna haɗin magani biyu mai amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata, kuma magunguna ne da ake samu a gida. Na kira shi kafin in sauka. Ya fara cewa ai lafiyarsa lau, na ce ba da ni zai yi wannan gardamar ba, yayansa ne ya ce a gaya masa. Ya yi alkawarin zuwa asibiti ranar Litinin, na ce ya ɗauko mini hoton takardar awon ya turo, in kuwa bai turo ba Hajiya zan kira.